Bajon Japan da Ke Cikin Gwangwanin Biskit

New Bell, Duwala
Litinin, bayan azahar

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida kawunka Isa da mutanen gidansa da suka ba ka wurin kwana a unguwar Ndogpassi. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a hanyar da za ka kama, ya tsare gabanka da bayanka.

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da wata huɗu rabon da in taka ƙasar Gumel. Ranar da na fito, a zaure na ce wa Inna, kakarka, sai bayan damina. Na fara da wannan ne don ka san irin mutumin da ke shirin ba ka shawara, ka auna maganarsa daidai da shi.

Mamanka ta gaya mini jirginka ranar Asabar ne, za ka Japan wurin masu kwance injin tsofaffin motoci suna lodawa a kwantena. Ba daga bakinka na ji ba, kuma ban yi mamaki ba, tunda mako uku ke nan da na fizge ƙyallen nan daga damtsenka na ce ka bar mini gida. Ka kuwa bari. Ka san bakina bai iya ba da haƙuri a tsaye ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba na so ka hau jirgin nan ba mu ga juna ba. Kafin in ce ka zo, ya kamata ka san abin da ke cikin gwangwanin biskit ɗin da ka buɗe, don tun kuna yara abin da kuka sani kawai shi ne ba a taɓa shi.

Ka tashi ka tarar da ni ina sayar da kayan gargajiya: tumtum na fata, takubba, tsakiya, da sassaƙen da mu 'yan kasuwa muke kira itace don kada bakinmu ya kama sunansa. A lokacin in jirgin ruwa ya tsaya, nakan nemi takardar shiga tasha, in hau da jakata in baje wa matalo, wato ma'aikatan jirgi, kaya. Wata rana wani matalo ɗan Filifin, Rodi, ya so tumtum, ya ce aljihunsa babu komai, ya miƙo mini wani ɗan akwatin katako da bai fi na ashana biyu ba. Ciki ɗan ƙarfe ne mai siffar rana da tsinkayen haskenta, ya yi baƙi-baƙi, a bayansa da rubutu irin nasu. Ya ce bajon ɗan sandan Japan ne na zamanin yaƙin duniya na biyu, a kasuwar tsofaffin kaya ya samo shi a can. Na karɓa da nufin in sayar wa Bature. Na kai shi rumfa, na ɗora a tafin hannu, sai na ji ba na so ya tafi. Duk abin da ke rumfata na san inda aka yi shi, da wanda ya yi shi, da ƙaryar da zan faɗa a kansa. Wannan kaɗai ne ban san komai nasa ba, kuma ina jin abin da ya kama ni ke nan.

Labari ya bazu a jiragen da ke bin hanyar nan cewa akwai wani Bahaushe a Duwala mai karɓar duk ƙarfen da ke da rubutun Japan. Aka riƙa kawo mini: bajon hula, aninin wuyan riga, maɓallai, har da wasu masu fenti ja da fari mai ƙyalli kamar na kwanon sha. Alhaji Tanimu, maƙwabcina a rumfa, ya laƙaba mini Komiser, wato kwamishinan 'yan sanda. In na iso da safe sai ya miƙe ya sara mini, ya ce, "Ranka ya daɗe, yau wa za mu kama?" Sunan ya bi ni har masallaci.

To ga kuskurena na farko. Ka san raɓar garin nan, ko cokali ka ajiye sai ya yi kore. Da na ga kore-kore ya fara fitowa a jikinsu, sai na yi abin da na tashi na ga Inna tana yi wa tasoshinta na tagulla: lemun tsami da toka da tsumma. Duk Juma'a da safe kafin wanka ina zaune a ƙofar ɗaki ina dirza. Sai na ga fuskata a jikin bajo nake ajiye shi. 'Yan akwatunan katakon kuwa ban ga amfaninsu ba. Biyu na ba mamanka ta zuba allura, sauran kai da yayyenka kuka huda su kuka yi mota da murfin kwalba.

Shekara biyar ina haka. Rannan wani tsohon Bature da ke kula da garejin manyan motoci a unguwar Basa, wanda yakan sayi takobi a wurina, ya ji Alhaji Tanimu yana tsokanata, ya ce shi ma yana tara lambobin soja, in nuna masa nawa. Na kawo washegari, na shimfiɗa farin ƙyalle, na jera su suna walƙiya kamar kayan ɗakin amarya. Ya sa tabarau, ya ɗauki ɗaya, ya juya, ya ajiye. Ya ɗauki na biyu. Sai ya tambaye ni da Faransanci, "Wane ne ya wanke su?"

Na ce, "Ni ne, da hannuna. Duk mako."

Ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce wannan da ruwan zinariya aka yi shi, na kankare shi tas. Wannan akwai hatimin maƙerinsa a baya, na shafe shi. Ya ce baƙin nan da nake kira dauɗa shi ne shekarun abin, shi mai saye yake nema. Ya tambayi akwatunan, na ce suna wurin yara.

Alhaji Tanimu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Komiser, kai da kake rataye sabon itace a kan murhu wata uku don ya tsufa! An ba ka tsoho na gaske, ka mai da shi jariri!"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Sana'ata ke nan: hayaƙi, ruwan goro, man ja da ƙasa, in mai da sassaƙen bara ya zama na kakan kaka. Na fi kowa sanin cewa tsufa ake saye. Amma wancan kayan sayarwa ne. Waɗannan ina son su, kuma a gidanmu abin da kake so wanke shi kake yi. Ban taɓa haɗa abu biyun nan a kaina ba sai da Bature ya haɗa mini.

Saboda haka, Habibu, in ka isa can, wata shidan farko ka riƙe hannunka. Kai bakanike ne mai kyau, kuma kana da saurin gyara abin da ba a ce ka gyara ba, irina. In ka ga sun bar abu a yadda ba ka saba ba, ka tambaya kafin ka taɓa. Kila abin da kake gani ɓarna shi ne daidai a wurinsu. Tambaya ba ta rage maka komai, ni rashin ta ya cinye mini rabin gwangwani.

Baturen bai gama da ni ba. Ya ware wasu gefe, sun fi ashirin, ya ce waɗannan kada in damu da na wanke su, don ba su girmi ɗana na fari ba. Sababbi ne, ana buga su don masu yawon buɗe ido, a jiƙa su a ruwan gishiri ko shayi su yi duhu. Matalo sun gane ba na iya bambancewa, suna sayo su da arha suna kwashe mini fata da takubba. Na kwana biyu ina tsine musu. A rana ta uku ina cikin shafa wa wani itace ruwan goro sai hannuna ya tsaya. Da wane baki zan zage su? Abin da nake yi wa Turawa suka yi mini, kuma ba su fi ni iyawa ba. Ban daina sana'ar ba, kada ka ɗauka na zama waliyyi, da ita na ciyar da ku. Amma daga ranar in mai saye ya dubi idona ya ce tsoho ne ko sabo, ina gaya masa. Wasu suna tafiya, wasu suna saye duk da haka.

Abin da zan ce maka a nan biyu ne. Kada ka bari a san abin da ranka yake matuƙar so, don duk wanda ya sani ya san ta inda zai shigo maka. Kuma injin da za ka loda, wani direba ne a Basa ko Garwa zai ɗora rayuwarsa a kai. In ya fashe ka ce ya fashe.

Yanzu na zo kan ƙyallen, wanda shi ne dalilin takardar nan.

Baturen nan ya koya mini duba nauyi, da ƙugiyar baya, da yadda rubutun gaske yake nutsewa a ƙarfe. Ya kuma yi mini wata magana da na gwammace bai yi ba. Ya ce ƙarfe kowa yana da shi, abin da ke wuyar samu shi ne ƙyallen damtse na 'yan sandan soja, fari mai manyan baƙaƙe biyu ja, don ƙyalle ba ya daɗewa, kuma masu shi da yawa sun ƙone nasu da yaƙi ya ƙare. Ban tambaye shi me ya sa mutum zai ƙone nasa ba. Abin da na ji kawai shi ne yana da wuyar samu. Na ɗora wa Rodi, shi kaɗai ne cikin matalo bai taɓa kawo mini jabu ba. Shekara biyu yana nema. Sai ya aiko da saƙo ta wani jirgi cewa ya samu, nasu jirgin zai iso nan da kwana goma, kuma tafiyarsa ta ƙarshe ke nan a wannan hanya.

Kwana biyu da samun saƙon, gwaggonka Yaya Hajo ta kira ni daga Gumel ta wayar maƙwabci. Kana da shekara shida lokacin. Ta ce, "Sule, Inna ba ta da lafiya. Ta ce a kira ka."

Na ce, "Jikin ya yi tsanani ne?"

Ta ce, "Ni ba likita ba ce. Ta ce a kira ka, na kira ka."

Na ce akwai kayan da nake jira a tasha, nan da mako ɗaya zan taso. Ta ce, "To, Allah ya kawo kayan lafiya," ta kashe.

Mamanka ta haɗa mini jaka a ranar. Ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, motar Yawunde tana tashi da safe, ka samu jirgin ƙasa na yamma." Na ce mata Inna ta saba irin wannan ciwon duk shekara. Ta ce, "Ta saba ciwon, amma ta taɓa cewa a kira ka?" Na daka mata tsawa. Jakar nan ta yi kwana goma sha ɗaya a bakin ƙofa muna tsallake ta.

Jirgin bai zo a kwana goma ba. Ya tsaya a wata tasha ana gyara. Hanyar gida kwana huɗu ce: Yawunde, Ngaundare, Garwa, Yola, Kano, Gumel. Da na tashi ranar da aka kira ni, da na samu kwana bakwai a gefen tabarmarta. Na sha yin wannan lissafin, ba ya canjawa. Ranar Talata da hantsi aka sake kira. Ba Yaya Hajo ba ce, maƙwabcin ne da kansa, ya ce sai haƙuri, an ma kai ta.

Jirgin ya iso ranar Alhamis. Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: na je. Mutane suna zaune a tabarma a ƙofar gidan nan suna yi mini gaisuwa, na ce zan zaga, na tari bensikin, ɗan acaɓar garin nan, na tafi tasha. Rodi ya kai ni ɗakin cin abincinsu, ya warware takarda, ya shimfiɗa ƙyallen a tebur. Ya yi ruwan ƙasa-ƙasa don tsufa, jan rubutun ya koɗe, ga ramukan allura inda ake maƙala shi. Na gaske ne, ko makaho ya shafa ya sani.

Mai dafa musu abinci wani tsoho ne ɗan Koriya. Ya fito da tire, ya ga abin da ke kan tebur, ya ajiye tiren a hankali. Ya juya ƙyallen da bakin cokali, bai taɓa shi da hannu ba. A ciki akwai sunan mai shi da tawada, ya karanta a fili. Sannan ya tambaye ni da guntun Turancinsa, "Kai ne mai saye?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ka san aikinsu?" Na ce 'yan sanda ne. Ya ce yana ɗan shekara biyar masu irin wannan ƙyalle suka zo gidansu da rana tsaka, suka tafi da babansa yana cikin cin abinci. Bayan wata biyu aka ce a zo a ɗauke shi. Ya ɗaga hannunsa ya nuna mini farcensa ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai, don in gane babu ko ɗaya a hannun uban. Ya ce bai ƙara iya riƙe cokali ba har ya mutu. Bai zage ni ba. Ya ɗauki tirensa ya ce, "Ka saya. Gara yana wurin wanda bai sani ba."

Na saya. Na naɗe shi na sa a aljihu, na dawo na zauna a tabarma aka ci gaba da yi mini gaisuwa. Abin da na musanya da ganin uwata ke nan.

Ban je Gumel ba ko a sadakar arba'in. Na ce sai na shirya abin da zan gaya wa Yaya Hajo. Shekara ta zagayo ban shirya ba. Kunya irin wannan ba ta raguwa da jira, ƙaruwa take yi, har ta kai in an ce ga wani ɗan garinmu ya sauka a unguwa sai in canja masallaci. Yaya Hajo ba ta taɓa yi mini gori ba. Duk Sallah tana kira, ta ce, "Sule, ya ruwan Duwala?" in ce da godiya, shi ke nan.

Ka ji ni da kyau a nan, ko da za ka watsar da sauran. Ranar da aka kira ka aka ce mamanka ta ce a kira ka, kada ka tambaya ko jikin ya yi tsanani. Ka ajiye sifana inda take ka taho. Za a ce maka kwantena ta kusa cika, za a ce takardarka za ta lalace in ka fita, za a ce ka jira mako ɗaya, kuma duk gaskiya ne. Ka taho. In kuma ka yi wani abin kunya a can, ka kira ka faɗa a makon da ka yi shi, tun yana da sauƙin ɗauka.

To ka ga abin da na gani ranar nan. Na shigo ɗaki na tarar da kai ka buɗe gwangwani, ka maƙala ƙyallen a damtse, kana murmushi kana ɗaukar kanka hoto don ka tura wa mai saye. Ka ce, "Baba, ka san abin da ake ba da wa a kan wannan? Shekara nawa yana kwance yana cin kafur!" Ba ka san komai ba, kuma laifina ne da ba ka sani ba. Buɗe kayan mahaifinka ba izini kuskure ne, ba zan ce maka ba kuskure ba ne. Amma bai kai a kori ɗa daga gida ba. Ba kai na daka wa tsawa ba a ranar, kai ne dai a tsaye a wurin. Ka yafe mini.

Na yanke shawara. Gwangwanin naka ne. Ka tafi da na kirkin cikinsu, can aka yi su, can za a san darajarsu, ka sayar ka sayi rigar sanyi da abin da za ka fara zama da shi. Kada ka goge ko ɗaya, ko da tsumma. Ka bar su cikin audugar da na naɗe su da ita. Ƙyallen ma ka tafi da shi, na gaji da kwana ɗaki ɗaya da shi. Sharaɗina a kansa: kada ya sake hawa jikinka, kuma duk wanda zai karɓa, ka gaya masa abin da tsohon nan ya gaya mini kafin ku yi ciniki. In ka ga ya ji ya ƙara sonsa, kada ka ba shi.

Ba zan aiko da shi ta hannun kowa ba. Ka zo ranar Alhamis bayan la'asar ka karɓa da hannunka. Mamanka za ta sayo kifi a kasuwar Youpwé, ta ce ko ka zo ko ba ka zo ba za ta dafa. Ba sai ka ce komai ba in ka shigo, ni ma ba lallai in iya ba. Ka zauna mu ci, in sa maka albarka da bakina.

Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka lafiya. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hukuma da na abokin banza da na zuciyarka. Allah ya tsare maka sallarka a ƙasar da ba a kiranta. Ya dawo mana da kai muna raye.

Mahaifinka,
Sule

Na buɗe gwangwanin da safen nan na ƙirga, don kada ka zo da zato mai yawa. Hamsin da uku na tara. Ashirin da shida jabu ne. Goma sha bakwai na gaske ne, na kashe su da lemun tsami. Uku raɓa ta cinye. Waɗanda suka tsira shida ne, biyu da akwatunansu. Da ƙyallen, bakwai.